Fitilar hagu ta Mazda 323F ta ƙi ɗagowa, moton ne ya ƙone?

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Na gane matsalar, Mazda 323F ce ta 1992 mai fitilun nan da suke ɗagowa daga cikin bonet, ta dama tana aiki lafiya, ta hagu kuma da farko sai ta ɗago rabi ta tsaya, yanzu ma ko motsi ba ta yi, kuma wani ya ce maka moton ya ƙone gara a ɗaga fitilar a yi mata walda ta zauna a buɗe kowa ya huta. To don Allah kar ka bari a kai mata walda tukunna. Aikina kenan rewaya, na buɗe irin wannan moton ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, kuma wanda na samu kwayil ɗinsa, wato naɗin wayar tagulla da ke ciki, ya ƙone da gaske ba su da yawa, galibi datti ne da busasshen giris da tsatsa, wani lokacin ma 'yar roba ce da ba ta kai girman kan babban yatsa ba ta fashe. In ka ji na ce moto ina nufin ɗan injin da ke bayan fitilar, ba motar kanta ba.

Kafin komai, yatsunka. Wannan moton yana da wuta a jikinsa ko da ka kashe mota ka zare makulli, saboda dole ya iya sauke fitila bayan an kashe, kuma ƙarfin da yake da shi ya fi yadda girmansa ya nuna. Wani yaro da yake koyon aiki a wajena ya taɓa sa hannu a bayan fitilar yana duba sanda, ya ɗan taɓa soket kawai abin ya zabura ya matse masa yatsa biyu, sai da farce ɗaya ya fita, har yau ina jin zafin abin don ni ne ban cire batir ba kafin in ba shi aikin. Duk lokacin da hannu zai shiga wajen, cire kan batir na nagetif. In gwaji kake da wuta, hannu a waje.

Sai ka fahimci yadda yake aiki, don in ka gane wannan rabin gyaran ya ƙare. Na motocin Japan, Mazda da Toyota Celica da Honda Prelude da Accord ta 1986 zuwa 1989, kusan ɗan uwan moton waifa ne. Amecha, wato sandar tsakiyar moton da kwayil yake naɗe a jikinta, tana juyawa, a ƙarshenta akwai zare kamar na ƙusa mai noti, wannan zaren yana tura wata babbar giya mai haƙora, a jikin giyar akwai ɗan gajeren hannu na ƙarfe, hannun yana ja da tura wata sanda, sandar ce take ɗaga fitila. Gefe ɗaya kawai yake juyawa, ba ya komawa baya. Rabin zagaye fitila ta hau, wani rabin ta sauka. Abin da yake gaya masa inda zai tsaya wani faifan tagulla ne da ke bayan giyar, da wasu 'yan yatsun tagulla masu shafar faifan, a faifan an bar gurbi babu tagulla, da yatsan ya iso gurbin sai wuta ta yanke, rila, wato ɗan makunnin da wuta ce take kunna shi ba hannu ba, ta saki, moto ya tsaya cak. Wayoyin da suke shiga huɗu ne ko biyar, ɗaya mai wuta kullum daga fis, ɗaya nagetif, ɗaya mai cewa hau, ɗaya mai cewa sauka, wasu da ta biyar mai kunna 'yar alama a dashbod. Sai ƙananan dayod a ciki, 'yan abubuwan da suke barin wuta ta bi gefe ɗaya kawai, masu hana umarnin hau da na sauka su cakuɗe. Shikenan, babu wani sihiri.

Kuma wannan zaren da na ce, shi yake iya juya giya amma giya ba ta iya juya shi. Shi ya sa duk wanda ya kama murfin fitila da hannu yana ja da ƙarfi ko ya zura sukundireba yana banƙara, ba zai ɗaga ta ba, sai dai ya lanƙwasa sanda ko ya fasa roba ko ya zubar da haƙoran giya. Hanyar ɗagawa da hannu tana nan masu motar sun tanada, a ƙarshen moton akwai wata hular roba, in ka cire ta za ka ga ɗan maɓalli mai zagaye da ake murɗawa da yatsa. Cire batir ka murɗa shi, zai ɗauki zagaye da yawa don haka kar ka gaji, za ka ga fitila tana hawa a hankali. Wannan murɗawar ita ce gwajinka na farko kuma ita na fi yarda da ita. In yana juyawa sumul fitila ta hau ta sauka ba cijewa, to ƙarafunan lafiya suke, matsalar ta wuta ce. In ka ji ya yi tauri a wani waje sai ka yi da ƙarfi, akwai abin da yake riƙewa. In kuma yana juyawa fayau ba nauyi ko kaɗan fitila ba ta motsa ba, sanda ta fita ko notin hannu ya kwance ko giya ta ci haƙora.

Yadda ka ba da labari, wai tana ɗagowa rabi ta tsaya kafin ta mutu gaba ɗaya, zuciyata ta fi tafiya kan abu biyu, ko dai tauri ne ya yi wa moton yawa, ko faifan tagullar ya yi datti a tsakiyar hanya wuta tana yankewa inda bai kamata ba. Don raba su, ɓalle sandar daga jikin fitila, kanta wani ƙoƙon roba ne da ya hau kan ɗan dunƙulen ƙarfe, ka sa sukundireba mai faɗi ka ɓanɓare a hankali don robar ta tsufa, shekara talatin da wani abu ba wasa ba ne. Da sanda ta fita sai ka ɗaga fitilar da hannunka ka sauke. Ya kamata ta tafi da yatsa biyu. Yawancin waɗannan motocin 'yan Beljiyam ne, sun yi shekaru a Turai inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, to gishirin nan yana shiga maƙalar da fitilar take lilo a kai ya ci ta da tsatsa, su zo nan kuma ƙurar hunturu ta hau kan ɗan man da ya rage ta zama kamar laka, ga masu wankin inji da suke harba ruwa mai ƙarfi kai tsaye cikin wajen. In ka ji tauri, fesa mata WD-40 ka yi ta lilo da ita har ta saki, in da hali kwance ƙusoshin ka goge da samfefa ka sa giris. Duba kuma ko motar ta taɓa dukan gaba, don in fanel bita bai miƙe wajen daidai ba murfin fitilar zai riƙa gogar bonet ko bamba, za ka ga fenti ya goge a gefen. Na sha ganin an canza moto har sau biyu alhali gogar nan ce take kashe su.

In fitila tana tafiya sumul, mu koma wuta. Tunda ta dama tana aiki, maɓallin cikin mota da wuya ya zama shi ne, amma duk da haka buɗe akwatin fis na cikin bonet ka duba, a murfin za ka ga an rubuta RETRACTOR ko RTR, wasu motocin fis ɗaya ne na duka biyun wasu kowanne da nasa. In ya ƙone mayar da mai lamba irin tasa, banda ƙara girma, banda naɗa waya a gurbinsa, don moton da ya cije yana jan wuta sosai kuma fis ɗin ne kaɗai tsakaninsa da gobara. Daga nan cire soket ɗin moton hagu ka leƙa ciki. Kore-kore ko fari-fari a bakin ƙarafunan alamar ruwa ya shiga ne, goge su tas ka ɗan matse bakin matan, wato ƙarafunan soket masu rami, su riƙa kamawa da kyau. Sai gwajin wuta, kuma a nan zan ba ka shawarar da ba kowa yake bi ba, kar ka dogara da mita ita kaɗai. Mita za ta nuna maka 12 ko da silin waya ɗaya ne ya rage a ciki sauran sun tsinke, amma da moto ya nemi wuta sai ta faɗi. Haɗa ƙwan fitilar birki mai wat 21 da wayoyi biyu ka yi gwajin da shi. Tsakanin waya mai wuta kullum da jikin mota ya kamata ya haska sosai. Sannan ka cire daga jikin mota ka sa a wayar nagetif ta soket ɗin, in haske ya ragu ko ya mutu to nagetif ɗinka ne ya lalace, bi wayar har inda aka ɗaure ta a jikin mota, yawanci kusa da fitilar ne da ƙusa mai lamba 10, kwance ka kankare tsatsar har ƙarfe ya yi fari ka mayar. Wayoyin umarni kuma ka sa wani ya kunna fitila ya kashe kana kallo, ɗaya ta kawo wuta in an kunna, ɗaya in an kashe, su waɗannan da ƙaramar testa ko mita za ka gwada su don ba wuta mai nauyi suke ɗauka ba. Batir ma a duba, lafiyayye yana nuna wajen 12.6 in mota a kashe take.

Akwai wani gwajin na kunne. Mayar da soket, wani ya kunna, kai ka kasa kunne kusa. In ka ji ƙas guda ɗaya amma moto bai juya ba, rila ta kama, wutar ce ba ta wuce bakinta ba ko kuma burushi, wato 'yan gawayin da suke kai wa amecha wuta, ba sa taɓa ta. A daidai lokacin ɗan ƙwanƙwasa jikin moton da ƙotar sukundireba, a hankali fa ba da guduma ba don akwai maganaɗisu a ciki yana fashewa, in ya zabura ya tashi to ka kama ɓarawon, burushi ne suka cinye ko suka maƙale. In shiru ne gaba ɗaya ba ƙas ba komai alhali wuta duk ta iso soket, to faifan tagulla ne ko dayod ko rilar kanta, wadda a wasu motocin tana jikin moton a wasu kuma tana waje. In a waje take musanya ta da ta dama ka gani ko ciwon zai koma can.

Yanzu buɗe shi. Kafin ka kwance notin da ya riƙe ɗan hannun nan, ja layi da fenti ko ƙusa daga hannun zuwa kan sandar giyar, ka kuma ɗauki hoto da waya. Mutane da yawa a nan suke faɗuwa, su gyara moto tsaf su mayar da hannun a karkace, sai fitila ta riƙa tsayawa rabi a buɗe ko ta hau ta ɗan sauko, su ce gyara bai yi ba. Haka gwangwanin da maganaɗisu yake ciki, yi masa alama shi ma da jikin gidan giya, don in ka mayar da shi a juye moton zai iya juyawa baya. Shimfiɗa farin tsumma a kan tebur, akwai ƙananan sifirin da wosha da suke tsalle su ɓace a ƙasa.

Fara da murfin bayan giya. Abin da za ka gani kusan na san shi tun daga nan, giris ya bushe ya zama kamar tsohon sabulu, ya yi baƙi, ya malale kan faifan tagulla ya rufe shi. Kwashe shi duka, wanke da ɗan fetur da tsohon burushin haƙori nesa da wuta da masu shan taba, ka bari ya bushe. Faifan ka goge shi da samfefa mai laushi, lamba 600 ko sama, har ya yi ƙyalli, kar ka yi da mai kaushi ka bar masa zane. 'Yan yatsun tagullar ma goge bakinsu, in sun kwanta ɗan ɗago su kaɗan su riƙa dannawa, kaɗan fa, in ka lanƙwasa da yawa suna karyewa kuma ba a sayar da su daban. Ka kula da gurbin da babu tagulla, wani lokacin garin tagullar da ya goge yana taruwa a wajen ya zama gada, wuta ta riƙa bi, shi ne kake ganin mota fitilarta tana hawa tana sauka ba tsayawa kamar mai ƙifta ido. Dayod da ya haɗe ciki ko rila da ta liƙe su ma suna kawo wannan ƙiftawar. Gwajin dayod mai sauƙi ne, cire ƙafa ɗaya da dalma, sa mita a alamar dayod, gefe ɗaya ta nuna tsakanin 0.5 da 0.7, in ka juya kada ta nuna komai. In duka gefen biyu sun nuna ko duka sun yi shiru ya mutu. Kai shi wajen mai gyaran rediyo ya ba ka irinsa, in ƙarami ne 1N4007 tana yi, ka kula da zoben da ke jikinsa ya kalli inda na da ya kalla.

Sai ɓangaren amecha. Zaro ta a hankali. Shinshina, wanda ya ƙone da gaske ba ya ɓuya, warin ƙonannen fenti zai buge ka kuma wayoyin kwayil sun yi baƙi ƙirin maimakon jan tagulla. In ba haka ba ne to lafiyarta ƙalau. Goge inda burushi suke shafa da samfefar nan mai laushi, ka bi tsagogin da tsinken sakace ka fitar da baƙin gari. Burushi in sun rage guntaye har sifirin ba ya iya tura su, nemi na tsohon moton waifa ko na fankar radiyeta, in sun ɗan fi girma ka goga su a samfefa har su shiga gidansu suna zamewa ba cijewa ba kuma rawa, ka yi musu dalma. Leƙa cikin gwangwani ko maganaɗisu ya ɓalle daga bango, in ya ɓalle bai fashe ba ana mayar da shi da gam mai haɗi biyu a daidai inda yake. Wajen mayarwa ɗaure burushin baya da siririn zare, in amecha ta zauna ka yanke ka zare, ya fi ka yi ta fama da yatsa.

Maganar giris ina da ra'ayi mai ƙarfi a kai. Baƙin giris mai kauri na boris ɗin taya ba na nan ba ne, nauyi yake ƙara wa moton kuma shi ne yake malalowa kan faifai. Farin giris na litiyom ko na silikon, a shafa a haƙora da zaren ba a cika gidan ba. A kan faifan ɗan shafi kawai wanda da ƙyar ido zai gani. Robar da ke tsakanin murfi da gida in ta yage sa siririn silikon, hular roba ta kan maɓallin murɗawa kuma lallai ta koma, in ta ɓata nemo wata, ta nan ruwan damina yake shiga.

Kafin ka ɗaura hannun, jona moton a soket ɗinsa, mayar da batir, kunna ka kashe sau uku ko huɗu kana kallo yana rabin zagaye yana tsayawa. Bar shi a matsayin sauka, cire batir, sauke fitilar har ƙasa, sannan ka ɗaura hannun a kan alamarka ka matse notin sosai. Ƙoƙon roban sanda in ya tsage ko yana fita da kansa, canza shi, na sandar waifa na wasu motocin yana shiga in ka gwada girman. Ɗaure shi da waya na kwana biyu ne, ranar da zai saki da daddare a kan hanya zai saki.

In ka buɗe ka tarar haƙoran giya sun zube ko kwayil ya ƙone, to sai neman na Beljiyam, Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna, in ya gagara a aika Ladipo a Legas. Tafi da naka a hannu a gwada soket da ramukan ƙusa da tsawon hannu, ka ce na hagu kake so, kuma a gwada shi da batir a gabanka. Kar ka bar musu tsohon, kayan cikinsa za su yi maka amfani. Ita Mazda tun samfurin 1994 ta daina sa wa 323F irin wannan fitilar, a duniya ma Corvette da Lotus Esprit ne na ƙarshe a 2004, dokokin kare masu tafiya a ƙasa da tsadar haɗawa suka kore ta, kaga kuwa kullum kayan raguwa suke ba ƙaruwa ba. Wani zai ce maka ai juya giyar kawai ake ta koma ɗaya gefen, wannan dabarar ta motocin Amurka ce irin Pontiac Firebird, nasu moton gaba da baya yake yi don haka wani sashen haƙoran ne kawai yake aiki, naka zagaye yake cikawa duk haƙoran suna ci, juyawa ba za ta yi maka komai ba.

Kafin ka samu lokacin duk wannan, yau ɗin nan ka cire batir, ka murɗa maɓallin har fitilar ta hau ƙarshe, ka zare soket ɗin moton hagu kaɗai ka naɗe shi da leda, soket ɗin ƙwan fitila daban yake don haka za ta haska yadda ta saba. Ban so ka fita da ido ɗaya da daddare, mai tahowa zai ɗauka babur ne ya matso cikin hannunka. Zare soket ɗin zai kuma hana moton da ya cije rabi ya shanye maka batir cikin dare. Bayan gyara ka tsaya gaban bango a fili mai daidai ka kunna, tsayin hasken hagu ya zo ɗaya da na dama, in yana rawa a kan gargada duba 'yar robar da fitilar take tokara in ta hau, ana murɗa ta a ƙara mata tsayi. Ka fara da murɗawar hannun nan ka faɗa min abin da yatsanka ya ji, tauri ko sumul ko fayau, da kuma ko ka ji ƙas ɗin rila, daga nan zan gaya maka wane murfi za ka fara buɗewa.